Mai Duban Jirgi

"Ba ya tashi sai na duba shi," in ji mai gadin filin, ya tsaya gaban jirgin da sandarsa.

Takarda ce ta zo daga Yamai: kada jirgin waje ya bar fili sai an duba lafiyarsa. Ma'aikacin da ya san aikin yana Maradi, motarsa ta lalace. Saura tsohon nan mai gadi, wanda a da ya shekara talatin yana dillancin dabbobi a kasuwar Gidan Amumune. In jirgin ya tafi haka, aikinsa ya tafi.

Matuƙin, Bature mai feshin fara, kwanansa huɗu a ƙasa, ya ɗaga hannuwa sama. Tafintansa ya ce wa tsohon, "Baba, wannan fa ba jaki ba ne."

"Ba mutum yake ɗauka ba? Matsa."

Ya latsa tayoyi. Ya shafa ciki. Ya zagaya ya leƙa ƙarƙashin wutsiya, 'yan kallo na ta dariya. Sannan ya nemi hanci. Ya sami wani siririn bututu ƙarƙashin fiffike, ya zura tsinke.

Busasshiyar laka ta zubo, da tsutsar zanzaro.

Matuƙin ya matso ya leƙa bututun. Tafinta ya sassauta murya: da bututun nan jirgi ke sanin gudunsa a sama. In ya toshe, sai Allah.

Tsohon ya kakkaɓe hannu, ya miƙa wa tafintan takardar.

"Rubuta, malam. Ƙafa lafiya, ciki lafiya, amma yana mura. A ɗaure shi a inuwa sai gobe."