Beben Akwatin da Auta Ta Kawo

"Kin sayo min bebe."

"Baba, ba bebe ba ne. Sabo ne fil, jiya aka fitar da shi daga kwali."

"Ni za ki koya wa sabo? Tun ba a haife ki ba nake buɗe cikin rediyo. Kuma ki zagayo nan, na hana ku yi min magana ta ƙeya."

Auta ta zagayo gaban teburin gyaran da ke shagonsa. Tsakaninsu akwatin yake zaune, bai fi gwangwanin madara ba, da zoben haske a kansa. Ita ta ce kana yi masa magana zai amsa: ya faɗa maka lokaci, ya tuna maka magani, ya karanta maka saƙo, ya taya ka hira idan hirar kake so. Hirar ce ma ta sa ta sayo shi. Tun rasuwar mahaifiyarta, mahaifin nata mai gyaran rediyo ya daina ɗaga waya, ya daina zaman ƙofar shago. Yau da yamma kuma motarta za ta tashi zuwa garin da ta samu aiki, ta kuwa rantse ba za ta bar shi a gidan da babu mai amsa masa ba.

Shi ma so yake ta tafi. Ta sha wahala kafin ta samu aikin nan, ba zai zama dutsen da aka ɗaura mata a ƙafa ba. Saboda haka dole akwatin ya yi magana.

Ya sunkuya. "Kai, ƙarfe nawa?"

Zoben ya kama da shuɗi, ya juya, ya mutu. Shiru.

Auta ta buɗe baki za ta ce wani abu, ta dube shi, ta dubi akwatin, ta sake dubansa. Sai ta rufe bakin.

Ya fara daga inda kowane mai gyara yake farawa. Ya zare wuta ya mayar. Ya canza soket. Ya sa ta goge haɗin intanet ta sake haɗawa. Ya danna maɓallin ƙara murya har ya ƙure. Sukurorin da ke cikin murfin kwalba suka ɗan yi rawa a kan tebur, ya tusa kwali a ƙarƙashin ƙafar teburin, yana mitar kafintocin yanzu.

"Kai, kana jina?"

Shuɗi, juyi, shiru.

Wannan karon Auta ta miƙe tsaye ƙiƙam a gabansa, ta sandare wuya, ta zare ido kamar gunki, ta ware leɓe: "Ina jinka sarai. Me zan yi maka?"

Dariya ta kusa ƙwace masa. Yarinyar nan tun tana rarrafe take kwaikwayon mutane. Ta yi tafiyar mai gidan haya, ta yi tarin kawunta, ta taɓa yin muryar uwarta daga bayan labule har ya tashi ya kawo ruwa.

"Ban son shashanci. Shi na tambaya."

"To, Baba."

Ya ga ba ta yi dariyar da ta saba ba. Ya ɗauka kewar tafiya ce.

Ya ɗauko sukurdireba. Ta riƙe masa hannu, wai idan ya buɗe, kamfanin ba zai karɓa ba. Ya janye hannunsa, ya buɗe. Cikin akwatin tsaf yake, babu ƙuna, babu wayar da ta saki. Ya ɗora mita, allura ta motsa yadda ya kamata. Ya cire 'yar sifikar, ya jona wata babba da ya ciro daga rediyon mota, ya liƙe da dalma. Hannunsa bai yi rawa ba, abin da ya faranta masa rai. Mutane sun rage kawo gyara, wasu ma dawo da kaya suke yi wai yana ƙara, amma hannun nan yana nan yadda yake.

Ya tambayi akwatin lokaci. Ya tambaye shi sunansa. Ya zage shi, ya lallashe shi. Da ya ga Auta ta juya tana ɗaure jaka, ya kai bakinsa kusa da zoben, ya ce a hankali, "Ka rufa min asiri. Ko kalma ɗaya ce ka yi, yarinyar nan ta tafi."

Zoben ya daɗe yana juyawa. Kafaɗun Auta suna girgiza.

"Kin ji wani abu?"

Ta juyo, ta goge fuska da gefen mayafi. "Ban ji komai ba, Baba. Ka yi gaskiya, bebe ne." Ta zauna a kan jakar. "Motar ma na fasa. Sai an gyara."

Yana shirin yi mata faɗa inuwa ta faɗo a kan teburin. Tela ce, mai shagon da ke jikin nasa, hannu ɗaya a kunne, allurai uku a cije tsakanin leɓɓanta. Auta ta zabura tana girgiza mata kai, amma ta makara. Abin da telar ta faɗa, har masu wucewa a titi sun ji shi.

"Don Allah maƙwabci ka rage muryar abin nan. Tun safe yake ihu, ina jinka, ina jinka, har ya tashi jaririna. Yanzu kuma duk layi ya ji yana tambayarka wane asiri zai rufa maka."

Mai gyaran rediyo ya kafa wa bakinta ido. Allurai ne kawai suke hawa suna sauka. Ya yi mata murmushin maƙwabtaka.

"A'a, na gode," in ji shi, "na riga na ci abinci."