Inda Aka Binne Cibiya

Budurwar tana ajiye takarda a kan tabarma, mai unguwa ya gane ko 'yar wa ce. Idanun ubanta ne sak.

Shekara ashirin ke nan da uban ya durƙusa a zauren nan yana neman sa hannu a shaidar zama ɗan ƙasa. Da shi suka nemi sarautar unguwa, abin bai bar ran mai unguwa ba, sai ya ture takardar ya ce, "Ai a Nijar aka haife ka." Ba ƙarya ya yi ba. Uwar mutumin ta je goyon ciki gidan iyayenta, can tsallaken Maigatari, ta dawo da jaririnta bayan arba'in. Mutanen can kuma suka ce ɗan Najeriya ne. Haka ya tsufa ba katin kowa, layin wayarsa ma da sunan maƙwabci, har ya rasu makon jiya.

"Ranka ya daɗe, makaranta ce ke neman shaidar zama ɗan ƙasa," in ji ta. "Baba ya ce ba za ka hana ni ba."

"Me ya sa ya ce haka?"

"Ya ce kai kaɗai ka san inda aka binne cibiyarsa, don taka tana kusa da ita, can tsallaken Maigatari. Ya ce kada in faɗa wa kowa, shi ma bai taɓa faɗa ba."

Mai unguwa ya ɗauki hatimi, ya jawo takardar gabansa.