Hawan Mukattam

Matashin ya cilla makullin babur a teburin kawunsa, har shayi ya fantsama.

"Kawu, wa ya ce ka taɓa min kulochi? Baƙin mai kawai na ce ka canza! Yanzu inji sai ihu, gudu babu. Yau a unguwar Abbasiya abincin da nake kai wa mutane ya huce a hannuna. Maigida ya ce in na sake makara, khalas, shi ke nan, ba aiki!"

Tsohon bakaniken ya bari sai da ya gama zazzage cikinsa, sannan ya buɗe tafin hannu, ga 'yan dunƙulen ƙarfen da ya ciro.

"Waɗannan masu nauyin na gudu ne. Na sa maka marasa nauyi, don babur ya hau tudu da mutum biyu."

"Wa ya roƙe ka?"

"Ba kowa." Tsohon ya ajiye ƙarafan a tebur. "Ran Laraba ina cikin bas a hawan dutsen Mukattam, hanyar asibiti, na ga babur ɗinka ya kasa. Kai kana bisa. 'Yata da na aura maka tana binka a ƙasa, dafe da cikin wata takwas."