Dutsen Tor na Gidan Torleif

Tsoho Torleif ya sauko daga saman rufi da ɗan akwatin katako. Gobe auren jikarsa Ingunn, kuma ya riga ya cika baki a shagon kifi cewa zai ɗora mata dutsen Tor a cinya, yadda mutanen dā ke sa wa amarya albarka da guduma.

Kaf ƙauyen an san labarin. Wai gutsuren gudumar Tor ne, ubangijin tsawa, ya faɗo gonar kakansa. Aka kulle shi a akwati, aka soke jikin rufi, aka ce kada a buɗe. Tun daga nan aradu ba ta taɓa ko leƙa gidan ba.

Yanzu kuwa Tor ya zama hajar kasuwa: ga shi a sarƙar wuya, ga shi a kwalbar giya, ango ma ya zana gudumar a damtse. Torleif sai ya taɓe baki ya ce, "Kayan wasan yara. Na gaske yana gidana."

Wanda ya fi shan gorin shi ne maƙwabcinsa Gudmund, abokinsa tun suna ɓuya a saman rufin nan da gajeren wando. Shi kam aradu ta mai da gidansa wurin hutu. Ta ƙone rumbun ciyawa, ta fasa bututun hayaƙi, ta gasa masa akuya a tsaye. Duk sanda Torleif ya tsokane shi, Gudmund sai ya shafa girarsa da ta ƙi tsirowa tun da aradu ta babbake ta, ya kalli ƙasa.

Torleif ya ɓalle murfin akwati. Ina dutse? Wani busasshen guntun cuku ne ya zuba masa ido, ya yi baƙi ƙirin. Tsoho ya zauna daɓas. Kunya ta kama shi, tausayin Ingunn ya fi kunyar.

Hadari na haɗowa ta kan teku Torleif ya tsallaka shinge, ya miƙa wa Gudmund cukun.

"Kai, na shiga uku. Me zan ce wa yarinyar nan?"

Gudmund ya dubi cukun, ya dubi sama. "Cukun ma mai kyau ne lokacin," ya ce a hankali.

Ya jingina tsani a ƙonanniyar katangarsa, ya hau yana nishi. Da ya sauko, ya danƙa wa Torleif wani baƙin dutse mai santsi, ya ja da baya da sauri.

"Ungo tsiyarka, ni na musanya shi da cuku, tun muna yara yake saman rufina. Ka yi wa girman iyayenka ka fitar min da shi kafin hadarin nan ya iso!"