Sandunan Matattu a Gaɓar Keta

"Kaka, ina zan tsaya? Matattunku sun cinye gaɓa!" in ji jikar shugaban ƙungiyar masu fatsa.

Tsohon ya dubi bakin tekun garinsu, Keta. Tun kafuwar ƙungiyar, duk wanda ya rasu, akan kafa sandar fatsarsa a yashi inda ya saba tsayawa, ba mai sake jefa ƙugiya a wurin. Yanzu matasa har sun fara juyawa gida don rashin wuri.

Ya yi dariya, ya tumɓuke sandar mahaifinsa, ya miƙa mata.

"Baba ya daɗe bai kama komai ba. Taya shi."

Kafin la'asar babu sanda ko ɗaya a yashi. Duk suna hannun jikoki, kifi yana lanƙwasa su.