Tsagar Allon Mugerwa

A kwana ta bakwai ta titin tseren, hoton da ke allon kwamfutar ya sake tsagewa. Saman motar ya yi gaba, ƙasanta ya tsaya jira, kafin su haɗe Mugerwa ya riga ya rungumi katanga. Shirwa ya wuce shi fiu, kamar kullum.

Karo na tara ke nan. Duk masu tseren mota na kwamfuta a Kampala ba wanda ya gagari Mugerwa sai wannan mai laƙabin Shirwa, da ba a taɓa ganin fuskarsa ko jin muryarsa ba. Ranar Asabar za su kara a wasan ƙarshe, wanda ya ci shi zai wakilci ƙasa a Nairobi. Mugerwa kuwa ya gama cika kunnen abokan aikinsa a kantin magani cewa hannunsa lafiya lau, laftof ɗin ce ke cin amanarsa.

Ran Juma'a ya hau boda, wato acaɓa, zuwa benen masu gyaran kwamfuta da ke tsakiyar gari. Ya tarar mai gyaransa ya tafi biki garin Masaka. Maƙwabta suka nuna masa shagon Nalongo, wata dattijuwa mai tabarau da ke shan shayi da soyayyen rogo.

"Mama, ina mai gyaran?"

"Ga ta kana kallo. Ajiye nan, ɗana."

Ya ajiye ba da son ransa ba, ya shiga yi mata bayani dalla-dalla kamar mai koya wa yaro baƙi. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta goge mai daga yatsunta, ta buɗe saitin katin hoto, ɓangaren da ke aika wa allo hotuna.

Allon, in ji ta, sau sittin yake juya hoto a daƙiƙa, katin kuwa yana antayo masa casa'in. Shi ya sa hoto biyu ke cin karo. In aka ɗaure su tamau tsagar za ta ɓace, amma hannu zai riga mota motsi. Sai ta zaɓi ɗaurin da ke sassautawa da kansa, ta rage wa katin gudu kaɗan ƙasa da na allon, ta hana na'urar tsimin wuta in tana jone.

Tana aiki yana zuba. Ai Shirwa maguɗi yake yi, kowa ya sani. Wani ɗan gata ne da uba ya saya wa inji mai tsada. Matsoraci, shi ya sa yake ɓoye fuska.

"Allah Sarki," ta ce. "Zauna ka gwada."

Ya zagaya fili sau uku. Motar na tafiya sumul kamar an shafa wa titin mai, har sai da ya yi ihu. Nalongo na tsaye a kansa, ba allon take kallo ba, yatsunsa take kallo. Da ya ciro walat ta ture hannunsa. Ta ce in wani abu ya taso ya zo da safe, gobe da rana ba ta buɗewa.

Tun a kan boda ya rubuta a zauren 'yan wasa na intanet: "An gyara na'ura. Gobe babu uzuri, za a san waye direba." Mutum ɗari biyu suka gani.

Asabar da la'asar aka saki motoci. Allon bai tsage ba ko sau ɗaya, bai yi gardama ba. Mugerwa bai taɓa tuƙi mai kyau irin na ranar ba. Zagaye huɗu yana gaba, Shirwa na manne da shi, bai ko yi yunƙurin wucewa ba. A zagayen ƙarshe, a kwana ta bakwai, Mugerwa ya makara taka birki kamar yadda ya saba, motar ta buɗa waje da taku ɗaya. Ta wannan 'yar kafar Shirwa ya shige.

Shirwa ya lashe tseren. Mugerwa ya laluba ko'ina a ransa neman abin da zai ɗora wa laifi, bai samu ba. An gyara masa komai.

Masu shirya gasar suka ce a kunna kyamara, dole zakara ya nuna fuska kafin a rubuta sunansa a tikitin Nairobi. Mugerwa ya matso da fuskarsa kusa da allon, don ya ga ɗan gatan nan da idonsa.

Akwatin kyamarar Shirwa ya haskaka a allon, hoto tangaram. Nalongo ta gyara zaman tabarau, ta kurɓi shayinta, ta ce, "Ɗana, yaya allon? Ya tsage?"