Malamar Asibiti da Takalmin Ƙanƙara

Tunda kin ce kin yi wa yaron nan duk abin da ake yi amma abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gyara zama in ba ki misali.

An yi wata malamar asibiti da aiki ya kai ta ƙasar sanyi, ita da 'yarta guda. A can akwai dandalin da ake daskarar da ruwa ya zama ƙanƙara, yara su ɗaura takalmi mai dogon wuya da wuƙar ƙarfe a ƙasansa, su riƙa sulɓi a kai suna juyi kamar katantanwa. Yarinyar ta ɗauki wasan nan da gaske, har malamar da ke koya mata ta ce takalmin haya ya daina yi mata, sai an ɗinka mata nata daidai ƙafarta kafin gasar ƙarshen sanyi. Uwar ta ce to. Mai ɗinkin kuwa yana wani gari, sai an hau jirgin ƙasa an sauka, an kuma shiga bas. Ranar hutunta ta sadaukar, ta kama hannun yarinyar suka tafi, ƙafafunta a kumbure saboda tsayuwa a kan marasa lafiya, idanunta kamar an zuba musu yashi. Mai ɗinkin ya auna tafin ƙafar yarinyar da dunduniya da idon sawu, ya sa mata takalmin gwaji ya ɗaure, ya ce ta taka, ta ranƙwafa, ta miƙe. Sannan ya tambaye ta ko akwai inda yake matsa mata. Kafin ta buɗe baki uwar ta dubi agogo ta ce babu, ai ga shi ya zauna ɗas. Yarinyar ta kalli fuskar uwarta, ta sunkuyar da kai. Haka aka rene ta, ba a musu da babba, ba a raki a gaban baƙo.

Takalmi ya iso, fari fat, fata mai ƙwari, duk wanda ya gani sai ya yaba. Amma yarinyar da a da take tashi sama ta dira kamar tsuntsuwa, sai ta koma faɗuwa. Malamarta ta ce fatar ce ta yi tauri, a mayar a sassauta. Uwar ta bar yarinyar a makaranta, ta ɗauki takalmi ita kaɗai ta hau jirgi, aka sassauta. Bai yi ba. Wata mata a gefen dandali ta ce wuƙar ce aka kafa a karkace, aka kwance aka sake kafawa. Wani ya ce safa ce ta yi kauri, wani ya ce igiya ce ba a ja da kyau. Da labari ya kai gida, yayar uwar ta bugo waya ta ce baki ne, a yi sadaka, aka yi. Babu wanda matar nan ba ta saurara ba. Ta sha yin gyangyaɗi a jirgi da takalmi a cinya har ta wuce tasharta. Wani lokaci zuciya ta raya mata ko dai lalaci ne yake damun yarinyar, sai ta haɗiye maganar, don ba ta da ƙarfin faɗa. Gasa ta zo ta wuce, yarinyar ta kalla daga kan benci.

Wata rana da la'asar, bayan an tashi daga koyo, uwar ta zauna kusa da ita. Dabara ta ƙare mata, kuma babu sauran wanda za ta tambaya. Gajiya ce kawai ta sa ta ce, "Ke, wai ina ne yake miki ciwo?" Yarinyar ta kwance igiya, ta zare safa a hankali don ta manne da fata, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin idon sawunta na hagu. Wurin ya yi kanta, ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Ta ce tun ranar gwaji yake cizon ta a nan. Uwar ta tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce, "Umma, ai an tambaye ni, kika amsa. Kuma na ga kin gaji." Uwar ta ɗora ƙafar a cinyarta ta riƙe, har aka zo rufe wurin. Da hutunta ya zagayo suka koma wurin mai ɗinkin, su biyu. Uwar ta nemi kujera ta zauna ta kame bakinta. Yarinyar ta nuna wurin, mutumin ya ɗumama fatar takalmin, ya tura ta waje kaɗan, faɗin bai fi ƙwayar goro ba. Kafin shayin da aka kawo wa uwar ya huce an gama. Yarinyar ta sa, ta taka, ta ce ya daina. Sannan ta ƙara da cewa yanzu kuma babban yatsanta ne ya fara taɓa gaba, don ƙafar yaro ba ta jiran kowa. Uwar ta jingina kai da bango, ta lumshe ido, ta ce a auna wani, amma a tambayi mai ƙafa.

Matar nan ta ƙaunaci 'yarta, ta kuma sha wahala a kanta har ta rame. Ta bi shawarar kowa a garin da wajensa, ta tsallake mutum ɗaya da take kwana ɗaki guda da shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.